Matan da suka dasa masakwa a wata duniya

Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Faɗa nake yi ana rubuta mini, in kuka ya zo a jira ni.

'Yata ta fari ita ce ta yi karatu a gidanmu. Ta gama lise, wato sakandare, a nan Garwa, ta tafi kudu ta karanto ilimin tsirrai, ta dawo tana aiki a wurin da ake gwada irin dawa da na masakwa, dawar rani wadda Fulani ke ce wa muskuwari. Da yake 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba. Haka aka rene mu.

Shekarar da maigidana ya rasu ita ce aka zaftare albashin ma'aikata. A wurin aikinsu ko man motar zuwa gona babu, sai zama. A cikin zaman nan ta fara rubuta wani labari da Faransanci. Ni kuma ina takaba, ba fita. Kullum da hantsi sai ta zo ta zauna a bakin tabarmata, ta riƙa juya mini shi da Hausa.

Labarin wani zamani ne da bai zo ba tukuna. An daina ruwan sama, kogin Binuwai ya ƙafe har yara na wasa a tsakiyarsa. Mutane suka shiga wani ƙaton jirgi suka tafi wata duniya bayan taurari. Can ma ba a ruwa, sai dai ƙasar baƙa ce mai danƙo, tana riƙe laima a ciki kamar karal, ƙasar nan tamu da ake dasa masakwa bayan damina. Maza suka kwashe injuna suka tafi neman kogi. Mata suka zauna da wata masaniyar iri, suna auna laimar ƙasa, suna huda rami, suna dasawa. Har suka yi shawara a tsakaninsu cewa ba wadda za ta ɗauki ciki sai rumbu ya cika, kuma ba su jira izinin kowa ba.

Takan tsaya ta tambaye ni yadda mahaifiyata ke dashe a wajen Mindif: zurfin ramin, yawan ruwan da ake tsiyayawa, ko ana datse kan ganyen. Na ce ana datsewa, in ba haka ba rana ta shanye shi. Ta yi dariya ta ce ai kuwa matan labarinta sun kusa yin asara, ta gyara. A duk takabar nan, lokacin kaɗai nake manta cewa ɗakin maigida a rufe yake.

Ran nan ta kawo inda mazan suka dawo hannu wofi, suka tarar da rumbu cike, suka ce a ba su mabuɗi. Ashe yayar maigidana, wadda ta zo taya ni zama, tana ji daga rumfa. Ta fito ta ce wannan wane irin abu ne, tatsuniya da rana tsaka, kuma a gidan makoki.

'Yata ta ce, "Gwaggo, ba tatsuniya ba ce. Babu aljani a ciki, babu tsafi. Duk abin da na sa, ilimi zai iya kaiwa can."

"To ƙarya ce mai digiri ke nan. Mata su hana maza mabuɗin rumbu, ubanki ko kwana arba'in bai yi ba?"

'Yata ta juyo ta dube ni. "Inna, in ci gaba?"

Ina so. Allah ya sani ina so. Amma uwa ba ta tsaya wa 'yar fari a gaban dangin uba, balle tana cikin takaba. Na sunkuyar da kai na ce a bari sai na fita. Ta naɗe takardunta ba fushi, ta tambayi gwaggonta ko a ɗora mata shayi.

Kafin in fita aka mayar da ita aiki garin Maga, wajen noman shinkafa. Ta zo sallah sau ɗaya, gida cike da baƙi, ba mu samu zama ba. Da damina ta kama, ciwon amai da gudawa ya shiga garin, ya tafi da ita.

Mijinta mutumin kirki ne. Da ya kawo kayanta na cire kunya na roƙe shi ya duba mini ƙarshen labarin. Ya duba, ya ce a nan labarin ya tsaya, mazan na tsaye a bakin rumbu. Ya ce ta gaya masa ba za ta rubuta sauran ba sai ta ji abin da zan ce, don ni na san yadda mace ke yi da mabuɗi.

Na daɗe ina juya abin. Wani lokaci in ce su ba su, wani lokaci in ce su raba rumbun biyu. Yanzu na tsaya a kan su buɗe su ciyar da kowa, amma mabuɗin ya zauna wurin wadda ta dasa. Amsar tana nan a bakina, wadda ta tambaya ce babu. Allah ya jiƙanta, ya haɗa mu.