Ɗigon Ruwa a Kasuwar Cadawa

A gefen kasuwar Cadawa wani siririn saurayi yana tsugune, jakar jami'a a bayansa, takalminsa ya sha ɗinki. Ya rataye bidon ruwa a reshen bedi, ya jona masa robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, tana ɗiga a gindin dashen tumatir cikin gwangwani. Leɓunansa na motsi, yana ƙirga ɗigon. Na san wannan kallon. Haka kakana ke duban lambunsa shekarar da ya bushe.

Wani tsoho mai goro ya yi dariya. "Ɗan lakol, tumatir ɗin ne ba lafiya?"

"Rijiyar babana ce, Baba. Guga biyu take ba mu a yini."

Tsohon ya matso ya tsuguna kusa da shi.