Jan Layin Sama'ila

"Ko tuwo kake ci, idonka na kan wayar nan!" Muryar maƙwabciyata Harira ce ta ratso bangon ɗakina a Malali, tana yi wa mijinta Sama'ila faɗa. Ni marubuci mai taƙamar karanta zukatan mutane, nan take na ƙaga masa budurwa a Kinkinau, har na raɗa mata suna.

Da na tare shi a ƙofa ina bugun cikinsa, sai ya miƙo min wayar. Wani jan layi ne kawai. Ashe ma'ajiyar bayanan ofishinsu yake gadi: layin na hawa, kwamfutocin ma'aikata su katse, kuma oga ya ce in aka sake, a bakin aikinsa.

"Marubuci," in ji shi, "da budurwa ce ai da na huta. Ita ko ba komai tana barci."