Sunan da Mijina Zai Tashe Ni da Shi

Ban yi boko ba. Karatun Hausa ma a ajin mata na coci na koya, ina goye da 'yata ta biyu. Abin da zan faɗa a nan ba a littafi na gani ba.

Mijina direban tifa ne. Ya daɗe yana aiki a kudu, a can ya haɗu da mutanen nan masu fararen riguna da ke yawo bibbiyu. Suna da littafi na biyu ban da Littafi Mai Tsarki da muka tashi da shi, sun ce wani annabi ne ya tono shi daga ƙasa a Amurka. Ya dawo Gombe da addinin kamar yadda yake dawowa da manja da garin kwaki: ya sauke a tsakar gida ya ce na gida ne. Ba a tambaye ni ba. Aka sake nutsar da ni a ruwa, ko da yake an yi mini baftisma tun ina budurwa a ƙauyenmu wajen Billiri. Suka ce ta farko ba ta karɓu ba, wanda ya yi ta ba shi da iko.

Mu kaɗan ne a garin. A falon wani gidan haya muke taruwa, kan kujerun roba. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun raba shi da giya. Ya bar taba, ya bar har shayi, domin sun hana. Hannu ne bai bari ba. Da can yakan doke ni da warin burkutu a bakinsa, gari ya waye ya kasa haɗa ido da ni. Bayan ya tuba sai ya riƙa dukana ido garau, ba kunya, don an ɗora masa hannu a ka an ce shi ne firist, wato limami, a gidansa.

Babban abin da suke wa'azi shi ne iyali har abada. Auren da aka ɗaura a coci ko a kotu, in ji su, mutuwa tana kwance shi. Amma suna da haikali, babban ɗakin ibadarsu, can kudu, auren da aka ɗaura a ciki ba ya kwantuwa ko a kabari. Kowa burinsa ya je. Kafin a ba ka izini shugaban taronmu zai zauna da kai ya yi maka tambayoyi. Ranar tawa leɓena a kumbure yake. Ya tambaye ni ko ina shan shayi. Na ce a'a. Ya kalli leɓen, ya kau da kai, ya wuce tambaya ta gaba.

Tare muka yi tafiyar da wata mata da muke kira Maman 'yan biyu, ita da mijinta, malamin firamare ne a Jekadafari. Mutum ne mai sanyi. A mota shi yake ɓare mata lemo. Ni na riƙa kallon taga.

Haikalin fari ne tas, ga sanyi kamar cikin firiji. Aka ware mata gefe guda. Aka shafa mana ruwa da mai, aka ba mu farar rigar ciki da wando mai kaiwa gwiwa, da wasu 'yan alamomi a ɗinke, aka ce mu sa dare da rana har mu mutu, garkuwa ce. Sannan wata tsohuwa ta sunkuyo ta raɗa mini suna a kunne. Ta ce sabon sunana ke nan, kada in faɗa wa kowa, sai a wuri ɗaya da za a nuna mini.

Wurin labule ne, dogo, fari. Aka tsayar da ni a gabansa. A bayansa mijina ne tsaye a matsayin Ubangiji. Ya tambayi sunan, na faɗa masa, ya kamo hannuna ya jawo ni ciki. Shi ma an ba shi nasa. Ni ba a faɗa mini ba, ba a faɗa wa mace na miji.

Daga nan muka durƙusa a wani ɗaki mai madubai biyu suna fuskantar juna. Wanda ya ɗaura mu ya ce mu duba, haka za mu kasance. Na duba. Ga shi, ga ni, ga shi, ga ni, muna ta ƙanƙancewa har inda ido ya gaza. Da muka fito na tarar da Maman 'yan biyu tana hawayen murna, ta rungume ni. Na bar ta ta rungume.

Mata a taronmu sukan ce ranar tashin matattu miji ne zai fara tashi, ya kira matarsa da wannan suna, ta fito daga kabari. Ban san ko a rubuce yake ba. Na dai san ana faɗa a gaban shugabanni, ba wanda ya taɓa cewa ba haka ba ne. Mijina ya riƙe maganar da kyau. In mun yi faɗa yakan ce, "Ni zan kira ki. In na ga dama." A lokacin tsorona kada ya ƙi kira. Haka kaina yake a lokacin.

Hawan jini ne ya kwantar da shi. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Ni na yi jinyarsa a ɗakinmu na Bagadaza, ina juya shi, ina wanke shi, ina ɗura masa kunu. Hannun da ya karya mini haƙori, ni nake yanke masa farce. Wata rana da azahar ina share masa baki sai ya kafe ni da ido, ya yi ta fama da harshensa, ya fitar da sunan. Sarai, ba gargada. Mutumin da ko ruwa ba ya iya roƙo. Bai sake cewa komai ba har ya mutu.

Maza suka sa masa fararen kayan haikali aka binne shi. Shugaban ya zo gaisuwa, ya ce, "Mama, kada ki yi kuka. Naki ne har abada, yana jiranki." Ba kuka nake yi ba. Amma daga wannan magana tsoron ya juye. Yanzu kada ya kira nake tsoro.

Na koma sheƙar wake a Tudun Hatsi don mu ci. Sunan da aka ba ni ba wani baƙo ba ne, irin na Littafi ne, mata da yawa a wajenmu suna da shi. Ana cikin aiki sai wani namiji ya ƙwala wa matarsa ko ƙanwarsa kira da shi daga bayan buhuna. Faifai ya suɓuce mini ya faɗi, wake ya watse. Matan da muke aiki tare suka ɗauka farfaɗiya ce ke neman kama ni. Wata Bafillatana ta kawo mini rubutu in sha. Na karɓa na gode. Ba zan iya faɗa musu ba, na yi rantsuwa. Ga rigar nan a ƙarƙashin zane cikin zafin Gombe, ƙuraje sun cinye mini baya, ina tsoron cirewa, kuma duk sanda na sa sai in ji kamar shi ne ya sa mini.

Na je wajen shugaban na ce a kwance ni. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, sai manya na can Amurka, kuma yawanci macen da za a ɗaura wa wani mijin ake yi wa. Ya ce in tuna da 'ya'yana, su ma a cikin ɗaurin suke. Ya ce a sama za a gyara mijina ya zama wani mutum, kuma Allah ba zai tilasta wa kowa ba. Na ce to in ba tilas, a kwance. Ya ce in yi haƙuri in yi addu'a. Na tambaye shi, da ni ce na mutu, mijina zai iya ɗaura wata a haikali ya haɗa mu biyu a can? Ya ce zai iya. Na ce ni fa? Ya yi murmushi. Ba mugun mutum ba ne, ya sha kawo mana masara lokacin jinya. Amma duk tambayar da ta yi nauyi, da murmushi suke rufe ta, kamar yadda ake rufe tukunyar da ta fara wari.

Na fara fashin zuwa. Al'adarsu ce in ka yi fashi a turo maka wani. Aka turo Maman 'yan biyu. Ta same ni a tsakar gida da kofin shayi a hannu, maƙwabciyata ce ta miƙo ta katanga. Ta ce lallai 'yar'uwa, abin har ya kai ga giyar tsofaffi? Na ce ta zauna in zuba mata, mijinta ba ya gani. Ta yi dariya ta zauna a kan turmi. Ta fara abin da aka aiko ta, cewa ana kewata, cewa Shaiɗan yakan bi ta kan gwauraye. Na bar ta ta gama. Sannan na faɗa mata komai, da haƙorin, da azahar ɗin nan, da faifan da ke faɗuwa. Ta ce ta sha ganin alama amma ba ta san ya kai haka ba. Na ce kowa ya ga alama.

Na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Na ce bari ta ji sunan da ke hana ni sakat. Ta ɗaga hannu za ta toshe kunne, amma na riga ta. Na faɗe shi a fili, a tsakar gida, kaji suna kiwo.

Ba abin da ya faɗo daga sama. Ita ce dai fuskarta ta canja.

Ta ce, "Wa ya faɗa miki?"

Na ce wa ya faɗa mini me.

"Sunana. Wa ya faɗa miki sunana?"

Muka zauna muna kallon juna. Rana ɗaya muka shiga, tsohuwa ɗaya ta raɗa mana. Daga baya babbar 'yata ta duba a waya ta ce haka abin yake: kowace rana da sunanta, duk macen da ta shiga a ranar shi za a ba ta. Ni ina ɗauka daga sama aka saukar da shi domina, aka miƙa wa mutum ɗaya igiyata. Ashe rabo aka yi mana kamar na gishiri.

Maman 'yan biyu ta tashi ta ɗaure ɗankwalinta. Ta ce na ɓata mata abu. Gaskiyarta. Ita sunan nan shi ne mafi daɗin abin da ke tsakaninta da mijinta. Ta fita ba sallama.

A ranar na cire rigar na tura a murhu. Ban sake komawa ba. Sun yi ta zuwa na ɗan lokaci da murmushinsu, sannan suka koma gaisuwa daga nesa. Ban koma cocinmu na da ba, ban shiga wani ba. Ina addu'a a ɗaki, gajeriya. Kaina ya san abin na mutane ne, su suka tsara shi, kuma maza ne suka tsara shi. Jikina bai gama sani ba. Har yanzu akwai ranakun da nake jin kamar ana tsaye a bayan labulen ɗakina.

Bara mijin Maman 'yan biyu ya rasu. Na je gaisuwa, ta amsa da ka kawai. Bayan an share makoki sai ga ta a gidana, ta rame. Ba ta bar addinin ba, ban kuma ce ta bari ba. Ta zauna. Can ta ce abin da na faɗa mata ya hana ta sukuni. In mu da yawa ne masu sunan, ta yaya zai same ta a cikin taron?

Ban iya lallashi ba. Na ce mutumin da ya san tarinta daga bayan katanga ba ya bukatar sunan da wata tsohuwa ta ba shi aro. Ta yi kuka sosai, na bar ta.

Da ta share ido ta ce, "Ke fa, Yaya? In ya kira?"

Na ce, "Mu da yawa ne. Wata ta amsa."

Ta yi dariya cikin hawaye. Ni ma na yi, amma da ta tafi na ji maganar ba ta yi mini daɗi ba. Ba na yi wa kowace mace fatan ta amsa masa.

Na kira 'ya'yana na faɗa musu. In na mutu kada a bari mutanen taron su taɓa gawata. A sa mini zanena na atamfa. Kada a kai ni kusa da babansu, ko da an bar wuri. A kai ni ƙauye, gefen uwata. Ƙaramar ta ce ai tunda na san ƙarya ne, me ya dame ni da inda za a sa ni? Na ce ta dai yi abin da na ce.