Alwalar Baffa a Gindin Darbejiya

Jiya na ga ruwan alwala yana malala a kan siminti, sai na tuna Baffa, yayan mahaifina.

Shekarar da rijiyarmu ta ja baya, ya dasa darbejiya uku a rairayin ƙofar gida. A gindinsu yake alwala. Biyu suka bushe. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, na kai masa buta ɗaki, ya ture ta.

"Kai ni gun ta ukun. Rairayi ba ya ajiye ruwan jiya."

"Baffa, ko tsayuwa ba kwa iyawa."

"Ita ma haka."

Na tallabe shi, jikinsa kamar garwashi, na kai shi gindin darbejiyar ya yi alwala.

Bayan shekaru, a inuwarta aka sallace shi. Allah ya shayar da shi.