Bangon da Ke Kallon Teku

A Porthlenna, garin masunta, ba a yarda sanyi ya tafi sai an ga Loveday Trevaskis ta kama Lungun Matakala da bokitin farar ƙasa. Lungun nan matsatstse ne, in masu ƙiba biyu suka haɗu a ciki sai ɗaya ya koma da baya. A ƙarshensa, can kan tsauni, akwai ɗan ɗakin dutse inda a zamanin da mutane suke tsayawa su hango garken kifi su kwaɗa wa masunta kira. An daɗe da daina wannan, amma har gobe mai dawowa daga teku ɗakin yake fara nema da ido.

Mijinta Digory ne yake shafe shi da fari kowace shekara. Yakan ce mata, "In na hango shi, na san kin ɗora shayi." Wata rana ana iska, ya fita da jirginsa bai dawo ba. Da shekara ta zagayo, Loveday ta ɗauki burushinsa ta hau. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya isa ya hana ta. Ita kanta kuwa ba ta taɓa taka jirgi ba.

Bana ƙugu ya kama ta, ko matakalar gidanta da ƙyar take hawa. Sai ta zauna a bakin taga tana kallon ɗakin ya yi duƙun-duƙun, abin yana cin ta.

Perran Hocking, maƙwabcinta masunci, mutum ne mai kirki, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ya tara abokansa wata Asabar suka hau. Kafin la'asar ɗakin yana ƙyalli, ya sauko yana washe baki.

"Gwaggo, leƙa ki gani! Kamar haƙorin jariri."

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. "Kun kyauta. Ɗaya gefen fa?"

"Wane gefe?"

"Na teku mana, sarkin wayo."

Perran ya sosa ƙeya. Farar ƙasar ba ta da yawa, sai suka zuba ta duka a bangon da ake gani daga tagarta, don ranta ya yi sanyi.

"To ni jirgi ce?" in ji ta. "Ni na san hanyar gida, Perran. Ku ne kuke waje."

Ya ga idonta ya kawo ruwa, kunya ta rufe shi.

Washegari bayan an fito coci, suka ɗaura kujerar kicin ɗinta a kan sanduna biyu, suka ɗauke ta, da wata farar ƙasar da suka samo. Lungun bai isa a jeru ba, sai ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ita kuwa tana tsakiya tana zuba musu faɗa.

"A hankali, ba kwandon kifi kuka ɗauko ba!"

"Ai kwandon kifi ya fi ki shiru, Gwaggo."

A zaune ta shafe bangon teku iya inda hannunta ya kai, su suka ƙarasa saman. Da suka gama, Perran ya tsuguna kusa da ita.

"Gwaggo, kin taɓa ganin ɗakin nan daga teku?"

Ta girgiza kai.

"Ruwa a kwance yake yau," in ji shi. "Zo mu kai ki."

Tsoro ya kama ta, ba ta ɓoye ba. Amma ta bari aka sauko da ita har bakin gaɓa, aka saka ta a jirgi da kujerarta. Suka fita, ta runtse ido ta riƙe gefen jirgin gam, har sai da Perran ya juya kan jirgin ya kashe inji.

Ta buɗe ido. Ga garin can ya ƙanƙance, rufin gidaje sun hau kan juna, a samansu kuma ɗan farin ɗigo yana haske. Ƙasa da shi kaɗan ta gane tagarta.

"Ashe har tagata Digory yake gani," ta ce a hankali.

Ta share fuska da bakin gyalenta. "To, kai mu gida. Shayi ba ya dafa kansa."