Ranar da Nas Opal ta buɗe ido

In dai fuskar Delphine Kosko ake magana, a bar ni da ita, don shekara ashirin da wani abu na yi ina shafa mata hoda. Ni ce mai kwalliya a wasan talabijin ɗinmu na ƙarfe biyun rana, irin wanda ba ya ƙarewa, Litinin zuwa Juma'a, mata suna guga suna kallo. Ita ce ke fitowa a Nas Opal, babbar nas ta asibitin da ke cikin labarin.

Ba talabijin ya kawo ta New York ba. 'Yar mai haƙar kwal ce daga Scranton, ta taho da akwati ɗaya da wata murya da ke kaiwa kujerar ƙarshe ba tare da ta ɗaga ta ba. Wasan kwaikwayo a kan dandamali take so. Ta daɗe tana wasa a ƙananan gidajen wasan nan da in jirgin ƙarƙashin ƙasa ya wuce kujeru ke rawa, da rana kuma tana raba kofi a gidan abinci. Ranar da ta fara zama a kujerata ta ce, "Rosalba, kar ki saba da fuskar nan, wata shida zan yi in koma inda na fito." Wata shidan nan da shi muka yi furfura.

Kai, mun sha daɗi a lokacin! Nas Opal ta yi aure uku, ta manta sunanta sau biyu, an taɓa sace ta. In Delphine ba ta haddace maganarta ba sai ta manna takardar a ƙafar gadon mara lafiya, tana karantawa kamar mai duba zazzaɓi. A kanti tsofaffi kan tare ta su nuna mata kumburin ƙafa. Ta duba da gaske, ta ce a rage gishiri.

Mahaifiyarta, Mama Stasia, tana gidan tsofaffi a Scranton, ƙwaƙwalwarta ta fara gudu. Delphine na shiga bas ta je duk Asabar. Tsohuwar ta dube ta ta ce, "Sannu, baiwar Allah," ba ta gane ta ba ko kaɗan. Amma ƙarfe biyu na yi, talabijin ɗin ɗakinta a kunne, sai ta nuna da yatsa ta ce wa duk wanda ke kusa, "Ga 'yata can."

Sai aka yi mana sababbin shugabanni, masu son fuskokin yara. Suka sa mota ta buge Nas Opal, ta faɗa doguwar suma. Kowa a wurin ya san ma'anar wannan gadon: wanda aka gaji da shi ake kwantarwa a kai. Kullum in mayar da ita fari fat, ta kwanta ido rufe, wasu na kuka a kanta. Har minshari ta taɓa yi mana ana cikin ɗauka, muka yi dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka bugo daga gidan tsofaffi cewa Mama ta daina cin abinci, kuka kawai take a kai ta asibitin da 'yarta ke kwance. Delphine ta je ta durƙusa gabanta ta ce, "Mama, ga ni, lafiyata ƙalau." Tsohuwar ta shafa kanta ta ce, "Ke ma ki taya ni yi mata addu'a."

A makon ne labari ya sauko cewa Opal za ta mutu ba tare da ta farka ba. Delphine ta tashi daga kujerata da rabin kwalliya, ta nufi ofishin Irving Plotnik, babban marubucinmu. Na bi ta, hoda a hannu.

"Irving, ba aiki na zo roƙo ba, ku kashe abinku. Amma ka tashe ni kafin talla. Bayan talla ka yi yadda ka ga dama."

"Ke da kika ce rubutuna ko kifi ba za a naɗe da shi ba?"

"Har gobe ba za a naɗe ba. Uwata ce ba ta cin abinci, tashe ni."

Irving ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Mugun baki gare shi, amma ba mugu ba ne. Ya ce, "Jimla ɗaya na ba ki, kar ki mayar min da wurin dandamali."

Ranar ɗauka Delphine ta ce, "Rosalba, sa min ja a kumatu." Na ce mai shirin mutuwa ce fa, darakta zai ci ni ɗanya. Ta ce, "Ya ci." Na sa mata, ban yi rowa ba. Aka kunna fitilu, ta buɗe ido a hankali, ta dubi kyamara kai tsaye, abin da aka hana kowa yi. Da muryar nan tata ta dā ta ce, "Na tashi." Nan jimlar da Irving ya rubuta ta ƙare, sauran nata ne: "Kukan ya isa haka. A je a ci abinci." Wallahi ni da na san ƙarya ce sai da na yi kuka. Daga nan aka ɗauki mutuwar, ta kwashe kayanta. Ƙananan gidajen wasan nan ta koma daga baya, kuma can ta tsufa.

Sai bayan mako biyu ake nuna abin da aka ɗauka, don haka ranar da za a nuna muka shiga bas tare. Mun tarar da Mama ta rame ƙwarai, ga kwanon miyar kaza ya huce a gefe. Delphine ta zauna a bakin gado. Da Opal ta buɗe ido a talabijin tsohuwar ta damƙe hannun Delphine.

"Baiwar Allah, kin gani? Ta tashi! Dubi kumatunta!"

"Na gani, Mama."

Tallar sabulu na shigowa Delphine ta miƙa hannu ta kashe talabijin. Ta riga ta shirya da ma'aikatan gidan su ce Opal ta tafi hutu bakin teku, kada a sake kunna tashar. Ta ɗauko kwanon ta ce, "Kin ji abin da ta ce, ai."

Mama ta buɗe baki. Ta sha cokali ɗaya, ta sha na biyu, sannan ta tsura wa Delphine ido.

"Ke yarinyar kirki ce. Kina da uwa?"

"Ina da ita."

"To ki riƙa zuwa ganinta, kin ji?"

Delphine ta ce to, ta ɗebo wani cokalin.