Ɗaya-ɗaya, Kamar Na Ƙannenta

Ban taɓa haihuwa ba, amma na yi ɗiya ta shekara biyar da ɗoriya. Ƙanwata ce ta haife ta a Lyon ta ƙasar Faransa lokacin tana karatu, ita da mijinta a ɗaki guda wanda sai an ɗage tebur kafin a shimfiɗa katifa. Ni kuwa ina Saint-Denis a gefen Paris, na daɗe da aure, ga ɗaki ba kowa a ciki sai akwatuna. Mahaifiyarmu ce ta yanke magana ta waya daga Damagaram: da zarar an yaye yarinya, a kai wa yayarta riƙo. A gida haka ake yi, ba shaida, ba sa hannu, kuma wanda aka ba riƙo shi ke tarbiyya har ya aurar. Na je na ɗauko ta a jirgin ƙasa, ta yi kuka har ta gaji, ta yi barci riƙe da ɗan kunnena.

Mu Musulmi ne, Kirsimeti ba ta cikin sha'aninmu. Makaranta ce ta shigo mini da ita gida. Shekarar da yarinyar ta shiga ajin ƙanana, da aka koma bayan hutun sanyi, aka zaunar da yaran kowa ya faɗi kyautar da ya samu. Na je ɗaukarta na tarar ta tsuke baki. Sai a cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ce mini wai tsohon nan mai jar riga da ke raba wa yara kyauta bai san gidanmu ba. Ni da ba na iya ɓoye magana na ce mata babu wani tsoho, iyaye ne ke saye. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To ke mi ya sa ba ki saya ba?"

Shekara ta zagayo na saya. Maigidana ya ce wato mun shiga coci ta ƙofar baya ke nan. Na ce ba bishiyar Kirsimeti, ba waƙa, kyautar hutu ce, wanda ya ga laifi ya zo ya same ni. Ko takardar naɗi ba na saye, a kallabaina nake ɗaure mata kayan, ta zauna tana fama da ƙulli da haƙora. Na fara da guda uku. Daga baya ban ƙara kula da yawansu ba, duk abin da na ga ya yi kama da ita sai na ɗauka. Maigidan nawa mai wa'azin coci kuwa shi ne ya shigo wata shekara da keke a kafaɗa yana haki, ya ce wai a hanya ya tsinta.

Sai mahaifiyarmu ta rasu. Ba a yi shekara ba ƙanwata ta kira ni, ta yi doguwar gaisuwa irin wadda ba ma yi a waya, na san akwai magana. A lokacin ta gama karatu, ta samu aiki, sun koma gida mai faɗi, ta ƙara haihuwar maza biyu. Ta ce duk inda ta je da takardun yara sai an tambaye ta me ya sa babbar ba ta tare da su, kuma ta fara jin tsoro. Ta kuma ce, da ƙaramar murya, tana son ɗiyarta. Na yi faɗa, na faɗi maganganun da suka fi ƙarfin bakina. Amma a ƙasar nan sunana ba ya kan komai nata. Ko allurar rigakafi sai an aiko mini da izini daga Lyon. Wadda ta ƙulla abin ta tafi, ba wanda zai ce wa kowa a'a. Da hutun ƙarshen shekarar makaranta na haɗa mata kaya na kai ta da kaina.

Ba ta zauna ba. Kullum da yamma sai ta kira ni, ta tambaye ni yaushe hutun nan zai ƙare. Ta gaya wa sabuwar malamarsu cewa gidansu yana Paris, nan baƙunta ta zo. Abinci sai an yi ta lallashi. In ƙannenta suka taɓa kayanta ba ta faɗa, sai ta ce su bari, za ta tafi da su gida. Ba zan yi ƙarya ba, wani sashe na zuciyata yana jin daɗin haka. Ɗaya sashen kuma ya san yarinya mai shekara bakwai tana ramewa.

Da watan Disamba ya kama, ƙanwata ta ce in zo mu yi hutu tare. Na shiga wani babban kanti kusa da mu da kwando. Kafin in ankara na ɗaukar mata abu biyar, har da 'yar tsana baƙa mai gashin da ake iya kitsawa, wadda na daɗe ina nema ban samu ba sai ran nan. Mazan kuwa na jefa musu mota ɗaya-ɗaya. Ina layin biya wayata ta yi ƙara.

"Yaya, ina kike? Ina jin kiɗa."

"Kanti."

Ta ce, "Nawa kika ɗauka mata?"

"Ina ruwanki da kwandona?"

"Yaya, don Allah, don darajar Inna. Ɗaya-ɗaya za ki kawo. Abin da kika ba ta, shi za ki ba su."

Na fita daga layi. Na ce in adalci take so ai mai sauƙi ne, sai in saya wa kowa biyar-biyar, hannuna bai gaza ba.

"Ba adalci nike nema ba," in ji ta. "Ke take jira. Tun watan jiya take cewa ran Nowel, Kirsimetin nan, za a ga wanda Mama ta fi so, ke ke nan, kuma ran nan za ki tafi da ita. In kika zo da kado, kyauta kan kyauta kamar da, wallahi mun koma farko. Ni ba ni iya gaya mata ba ta komawa, in na faɗa ba ta yarda. Daga hannunki kaɗai za ta gane."

Na kashe waya ban yi sallama ba. Na tsaya tsakanin kantocin kayan wasa, mutane na ture ni da kekunan sayayya, raina a ɓace kamar in kifar da kwandon. Wato an karɓe mini ɗiya bai isa ba, ni za a sa in rufe ƙofar da hannuna. Na ajiye kwandon a gefe na fito ban sayi komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya na zama mai neman fatawa a kan kayan wasa. Wata Hajiya 'yar Maradi da muke hawa ɗaya a benenmu ta ce amsar ita ce ko ɗaya, tun farko wa ya aike ni. Tsohuwar Bafaranshiyar da ke ƙasanmu ta ce ita jikokinta uku-uku take ba su, fiye da haka yaro ba ya ganin ko ɗaya. Abokiyar aikina ta ce in kai ɗaya a fili, in ɓoye sauran in ba ta a ɗaki, wa zai sani? Wannan shawarar ce ta kwanta mini, na zo da ita gida ina murna.

Maigidana ya saurare ni yana cire takalmi. Ya ce, "Yarinyar za ta sani. Ita ce ai ake magana a kanta." Sannan ya ce, "Kina son ta ji daɗin yini guda, ko kina son ta ci abinci?" Na ce masa shi dama bai taɓa damuwa ba. Da na tambaye shi ko in yankar masa tikiti, ya ce shi ba zai iya zuwa ba, aiki ya yi yawa. Ofishinsu a rufe yake duk makon nan, mu biyu mun sani.

Na koma kantin. Ɗaya ma ashe ba sauƙi gare shi ba, don duk abin da na ɗaga sai in ga yana tona ni. Na san launin da take so, na san abin da ke ba ta dariya, mazan kuwa ko girman ƙafarsu ban sani ba. In na kai mata 'yar tsanar nan, su kuma motoci, ko makaho ya san wadda aka zaɓa wa da zuciya. Na je na duba 'yar tsanar, tana nan inda aka mayar da ita. Na taɓa gashin na wuce. A ƙarshe na ɗauki akwatin alƙaluman launi guda uku iri ɗaya, na bari yarinyar kantin ta naɗe su da jar takarda kamar na kowa.

Na sauka Lyon hazo ya rufe kogi, sanyi na shiga har ƙashi. Tun ina matakala na ji gudunta. Ta faɗo jikina, na ji ƙasusuwan bayanta ta cikin riga. Kanta kuwa duk ya tsefe ya cukurkuɗe. Ƙanwata ta ce makonni ke nan ta hana kowa taɓa shi, ta ce sai Mama ta zo. Na ce gobe da safe in Allah ya kai mu, na zo da matajina da man da ta saba.

Bayan mun ci abincin rana na fito da kayan. Mazan suka yage takarda suna ihu, ƙaramin ya fara zane a bayan hannunsa. Ita ta buɗe nata a hankali, ta duba, ta leƙa na ƙannenta, ta sake duba nata. Ta yi murmushi irin na wadda ta gano wasa. Ta kama hannuna ta ja ni ɗakin da aka sauke ni, ta tura ƙofa.

"Mama, ina sauran?"

"Babu saura."

Ta yi dariya ta durƙusa gaban jakata. Ban hana ta ba. Ta fito da zannuwa, da dardumar salla, da kilishin da na kawo wa uwarta. Ta zura hannu cikin takalmana. Ta tashi ta laluba aljihun rigar sanyina da ke rataye. Ina zaune a bakin gado, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su yi abin da ban sa su ba. Kalma ɗaya ce kawai tsakanina da ita. Da na ce suna Paris, na manta ne, da fuskarta ta dawo.

Ta juyo. Dariyar ta tafi.

"Irin nasu ne?"

"Irin nasu. Ai ƙannenki ne, nan ne gidanku."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "To." Sannan ta mayar da kayana cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, tana ninke kowane zane yadda na koya mata, ta ja zif ta fita. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba, ko ranar da aka kira ni daga Damagaram. A rasuwar Inna ba ni da hannu, wannan kuwa ni na ɗauko shi a jaka tun daga Paris.

Da yamma ta ci abinci. Ba da yawa ba, amma ta ci, ba wanda ya roƙe ta. Ƙanwata ta kasa haɗa ido da ni.

Washegari da hantsi na shimfiɗa zane a falo, na zauna a kujera, na fito da mataji da man kitso. Na kira ta. Ta zo ta tsaya, ta dubi wurin da na tanadar mata tsakanin gwiwoyina. Sai ta juya wajen uwarta da ke kwashe kofuna, ta ce da Faransanci, cikin ladabi, ita za ta yi mata.

Ƙanwata ta ajiye kofunan. Na tashi na ba ta kujerar. Ba ta iya kitso ba, tun muna yara ba ta iya ba, tsagarta a karkace, ga jan gashi. Yarinyar tana runtse ido tana cije leɓe, amma ko sau ɗaya ba ta waiwayo inda nake ba. Ta saman kanta ƙanwata ta dube ni, hawaye na zuba, ta motsa baki ba sauti tana mini godiya. Abin da aka aiko ni yi na yi shi, ya kuma yi kyau, kuma da za a ba ni zaɓi a lokacin da na so a ce ya lalace.

Na matsa kusa na miƙa mata man. Na ce ta riƙa shafawa kafin ta taje, ta kuma sassauta hannu in ta zo wajen ƙeya, don nan ne ya fi yi mata zafi.